Kwarin Bayan Tula

Babur ya tsaya inda hanya ta ƙare,
bayan Tula, inda gonar ƙarshe ta sallama wa dutse.
Bappayo ya jingine shi jikin ƙirya,
ya ce, "Daga nan ƙafa ce mota."

Na duba waya, sabis ya koma gida ya bar ni.

Muka gangara da baya da baya kamar masu sauka rijiya,
tsakuwa tana riga mu isa.
Bango dama, bango hagu,
ja bisa fari, fari bisa ruwan ƙasa,
kamar zannuwan da Inna ke ninkewa a adaka
ba ta ɗaurawa sai ranar suna.
Sama ta tsuke ta zama zare.
Rana ma nan baƙuwa ce,
da azahar take leƙowa, ta gaisa a tsaye ta wuce.

Rema ta dube ni daga kan fā,
ba tsoro, ba maraba.
Wani gwaggon biri ya yi tari can sama
irin na mai gidan da aka shigo masa ba sallama.

Gorata ta ƙare tun a gangara.
Bappayo ya durƙusa tsakiyar yashi
ya tona da hannu har gwiwar hannu,
ya ce in jira.
Na jira.
Ruwa ya tsattsafo a hankali, mai kunya,
na sha da ƙasa-ƙasansa, haƙorana suka amsa.

"In ka ji ƙugi daga gabas," in ji shi,
"ko sama tas take, bar takalmi ka hau.
Wanda ya sassaƙa wannan wuri
bai gama aikinsa ba."

Ni da na zo ɗaukar hoto
sai na kira sunan yayana, Shu'aibu,
wanda rabona da faɗinsa da ƙarfi
tun ranar da muka dawo daga maƙabarta.
Dutse ya maido mini sau uku,
na ukun da wata murya da ba tawa ba.

Bappayo bai tambaya ba.
Ya ɓare goruba, ya miƙo mini rabi.

Da la'asar muka hauro, gwiwa na rawa.
Wayata ta farfaɗo a aljihu, tana ta kuka,
saƙo goma sha ɗaya.
Har Kaltungo ban buɗe ba,
jan yashi yana cikin takalmina.