Sakatar Wani

A Aboabo, bayan ruwan la'asar ya ɗauke,
na kwance tsumman da kaka ya naɗe ta.
Baba Tankari maƙeri ya gyara tabarau,
ya ɗiga kananzir, ya bi da tsohon buroshi.

Tsatsa ta ja da baya.
Ga mikiya, fiffike ɗaya ya cinye,
ga kambi, bai kai ƙwayar dawa ba.
"Ta Jamus ce. Karanto min, idona ya gaji."

Huɗu, bakwai, ɗaya, tara a bututu.
Haka a ƙota.
Kan ƙusa ma, sha tara:
mutanen nan ko ƙusa sai sun raɗa mata suna.

Sai sakata.
Biyu, sifili, shida, uku.

Ya ajiye buroshi.
"Wannan daga jikin wata aka ciro ta."

Kaka ya ce su biyu suka baro Lome a ƙafa,
shi da wani Gajere mai yawan dariya.
Bai taɓa faɗin inda suka rabu ba.

Na rubuta lambobin a bayan rasit ɗin wuta.
Ladan ya kira magariba,
ban san wa zan fara yi wa addu'a ba.