Sunayen Farin Dutse

A ramin da ke bayan Figil,
inda motocin siminti suka cinye gefen tudu,
ƙasa ta buɗe kamar duman da aka fafe.
Shimfiɗa ce kan shimfiɗa:
wata fara, wata toka-toka, wata kamar tsatsar garma.
Nan kakana Na'Allah ya ƙarar da ƙuruciya
yana ɗaukar wa masu awo jakar guduma.

Na farko, in ji shi, dogo ne mai jan wuya.
Ya ɗiga ruwan tsami, dutse ya yi kumfa,
ya ce uku ne: na sama, na tsakiya, na ƙasa.
Ya rubuta, ya hau alfadari,
zazzaɓi ya raka shi har Garwa.

Na biyu ya zo da littafin na farko a hammata.
Kwana tara yana ƙwanƙwasa, yana lasa, yana tofarwa.
Ya ce wancan bai iya ƙirga ba, biyar ne,
kuma sama da ƙasa ba suna ba ne.
Ya ari sunan mayo, ya ari sunan ƙauye,
ya liƙa wa kowace shimfiɗa nata,
har da ƙauyen da bai taɓa shan ruwansa ba.

Ba wanda ya tambayi Tizi,
mai fasa dutse tun kafin a ja hanya.
Shi bakwai ya sani, kuma da kunne ya san su.
Akwai Kurma, wanda ba ya amsa guduma.
Akwai Ƙwan Zabo mai ɗigo-ɗigo.
Akwai Marowaci, a yini ana duka ya ba da loma.
Akwai Gari, da ake jiƙawa a shafe ɗaki ranar suna.
Can ƙasa akwai Gadon Kifi,
inda ƙaya ke kwance a dutse ba nama, ba ƙarni.
Sauran biyun kakana ya manta.
Ya ce in tambayi Tizi, alhali an daɗe da yi masa arba'in.

Ni kuma na dawo daga Ngaundare da takarda,
da madubin da ke mai da ƙura duwatsu.
Na yanka dutse siriri kamar ɓawon albasa,
na leƙa, na ga ƴan ƙwanso
ƙanana da ƙwayar gero,
sun rufe baki tun ruwa na kwance a nan.
Su ne shaiduna yanzu.
Malamina Hamajoda ya ce in soke tsofaffin sunaye,
uku ta faɗi, biyar ta tsufa,
in ja sabon layi inda ƙwanso ya sake kama.

Na ja.
Layin ya faɗa daidai inda Kurma ya ƙare,
inda Ƙwan Zabo ya soma.
Na daɗe ina kallon takardar.
Babu gurbi a jadawali da ake cewa "kunnen Tizi".

Dutsen dai bai san an raba shi ba.
Babbar mota ba ta tambayar shekarun abin da ta ɗauka,
murhu yana haɗa na sama da na ƙasa,
su fito buhu ɗaya, farashi ɗaya.

Jiya na tsaya gaban allo a lise,
allin da ke hannuna daga kwali ya fito, daga wata ƙasa.
Na zana ukun, na goge.
Na zana biyar ɗin, na goge.
Na zana nawa, hannuna bai saki tsumman ba.
Wata yarinya a bencin baya, jikar Dawai,
ta ɗaga yatsa ta ce:
Malama, wanne ne zai fito a jarrabawa?

Na dubi tafina, ya yi fari fat
kamar yatsun kakata in ta zauna kaɗi.
Na ce ku rubuta na ƙarshen,
amma ku bar layi biyu a ƙasa, kada ku cike.