Jan Fenti a Bangona

Da kuɗin sallama na sayi filin,
bayan shekara talatin da biyar ina shaƙar alli a Gwammaja.
Na ce in na mutu, a fitar da ni ta ƙofar da na zana da hannuna.

Na gaya wa magini, ka ɗora mini zanko biyu a kan soro,
irin na gidanmu na Yakasai da ruwa ya cinye.
Ka yi dakali a bakin ƙofa,
mai wucewa ma ƙafa gare shi, ƙafa kuwa tana gajiya.

Ran Talata suka zo, su uku, a mota mai tambari.
Mai riƙe da igiyar awo, na gane shi tun bai gaishe ni ba:
Nazifi ne, ɗan Lantana mai ƙosai,
wanda na koya wa ƙirga da marafan kwalba.
Yau shi ke ƙirga mini.

Ya ce, Malama, taswira ba ta san dakali ba.
Taku goma daga kwalta, kin ci uku.
Zanko kuma ba ya cikin abin da aka sa wa hannu,
layin nan fuska ɗaya ake so,
kwano ɗaya, fenti ruwan madara.

Na ce, yatsun hannunka ma ɗaya ne?
Ya sunkuyar da kai.
Na bayansa ya girgiza gwangwani,
ya shata mini ja a gicciye,
irin wanda nake yi musu a littafi in lissafi ya ɓaci.

Ban yi kuka ba. Na san kwata na son hanya,
na ga damina ta kwana a ɗakin mutane
don wani ya zauna a kan magudana.
Dakali na yarda, a fasa.
Amma zanko, ruwan wa ya tare?
Ko sama ma an yanka ta fuloti-fuloti?

An fasa dakalin ran Asabar.
Zanko na kai kuka ofis,
wata huɗu takarda na hawa bene tana sauka,
kullum in dawo jibi.

Da la'asar tsohon nan mai gyaran takalmi bai fasa zuwa ba.
Yakan shimfiɗa buhu daidai inda dakalin yake,
ya jingina da jan fentin.

Jiya Nazifi ya wuce a babur, ya rage gudu,
ya ɗaga kai ga zankayen nan biyu,
ya daɗe,
har na baya ya danna masa hon.