Ranar Gyaran Taru

Laraba ce.
Koci Iriarte ta ja mata jan layi a takardar horo,
ta rubuta a gefe: kada ki gudu.
Takalmana na bakin ƙofa, baki buɗe,
kamar karnukan da aka hana fita.

Matakala ɗari da sittin da biyu ce
daga ƙofarmu zuwa gindin tudu.
Jiya na hau ta sau tara, har na ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe.
Yau ta taga nake hawanta, da ido,
ido kuwa ba ya ƙona komai.

Agogon hannuna ya ce taku ɗari huɗu.
Waya ta ce saura kalori dubu da ɗari biyu,
da ladabin mai bin bashi ta faɗa.
Na raba burodi biyu, na raba rabin,
na ɗora a sikeli: giram talatin da ɗaya.
Na gutsure ɗayan nan, na ba tsuntsu.
Fiya ta nuna a kwano tun Litinin,
na juya mata baya kamar mun yi faɗa.

Jiya gumi ya biya min kuɗin abinci.
Yau wa zai biya?
Na tambaya, ciki ya amsa da ƙugi,
na ba shi ruwan zafi, na ce ya yi haƙuri.

Da hantsi ɗaki ya ishe ni.
Na shiga tsohon akwatin ƙarfen
da ke saukar da mutanen Valparaíso daga tudu,
yana kuka, yana rawa a kan dogo,
ni da ke tsere da shi kullum, yau ina cikinsa a tsaye.

Teku ta tashi da fushi, an hana jirage fita.
Na tarar da su kwance a kan yashi, ciki sama,
babana Baltasar a tsakaninsu,
taru a cinya, allurar katako a hannu,
soyayyen kifi a takarda, mai ya huda ta,
yana ci, yana ɗinki, yana lasar yatsa.

Na ce, Baba, ko ruwa ba ka taɓa ba yau,
ga ka kana ci kamar ka ja teku zuwa gaɓa.

Bai ɗago ba.
Ya ce, Fresia, riƙe min nan.
Na riƙe. Hannuna ya wuce ta wata ɓaraka har gwiwa.
Ya ce, wannan ta jiya ce.
A cikin ruwa yagewa ake yi, ba a ɗinki.
Ya jawo ƙullin zare daga aljihu, ya ciza, ya tsinke.
Taru, in ji shi, ranar da bai ga ruwa ba
ya fi cin zare.

Sai ya tura min takardar da ƙafa,
don hannayensa na da aiki.

Ba zan yi ƙarya ba, na ƙirga a zuci.
Ɗari uku, ko da hamsin saboda man.
Lissafi ba ya mutuwa don an yi masa karin magana.
Amma kifin da zafinsa, ga gishiri, ga lemun tsami,
na ci har ƙaya ta fito fes.
Waya ta yi ƙara a aljihu, sau biyu.
Hannuna duk mai, ban taɓa ta ba.

Da dare na yanka fiyar, gefe ɗaya ya fara baƙi,
na shafa sauran a burodin da ban auna ba.
Sikeli na kan kanta, yana kallona da sifirinsa.

Na kwanta. Sharaɓata na zogi a hankali,
tsik, tsik,
kamar wani na zaune a ciki da allurar katako.
Ban ce masa ya yi sauri ba.