Abin da Dutse Ya Riƙe

Mma Barira ta ce in gaya mata gaskiya,
wane irin aiki ne wannan
da ake biyan mutum ya wuni yana kallon dutse.
Muna tsakar gida a Sabon Zango,
hayaƙin kifin maƙwabta na tsallako katanga,
ita kuwa hannunta ya nutse cikin tunkuza.

Na ce, Mma, babu tafki a can ƙasa.
Kowa haka yake zato,
wani kogo, wani baƙin kogi kwance yana jiran guga.
Dutse ne ƙiƙam,
da ƙofofi waɗanda kafar allura ta fi su faɗi,
man yana ciki yadda gumi ke zama cikin riga.

Jiya aka kawo mana guntunsa daga ƙarƙashin teku,
bai fi ɗan yatsana ba.
Zurfin da ya fito,
ko an ta da hanyar nan zuwa Kaneshie tsaye,
da sauran tafiya.
Tetteh ya ɗora mini shi a tafi, ya ce shaƙa.
Kananzir, gishiri,
da wani tsohon wari da ban san sunansa ba.

Su uku ne a ɗaki ɗaya, Mma.
Gas a sama, don ba shi da nauyi,
mai a tsakiya,
ruwan gishiri a ƙasa, shi ya riga kowa zuwa,
ya manne wa bangon kowace ƙofa ya ƙi saki.
Ba alƙalin da ya raba musu wuri.
Nauyi ne ya yi hukunci, kuma bai yi gaggawa ba.

Wani gas ɗin ma narke yake cikin man,
shiru, don an danne shi,
kamar lemon kwalba kafin a ɓalle murfi.
Ni aikina in sassauta matsin kaɗan-kaɗan,
idona a 'yar tagar gilashi,
ina jiran kumfa ta farko.
In ta ɓullo in rubuta lambar.
Albashina ke nan: kumfa guda.

Ta yi dariya har goro ya kusa shaƙe ta.
Ta ɗebi ruwan zafi a ludayi, ta yayyafa,
ta ci gaba da murza.
Can sai ga mai yana tsattsafowa,
yana taruwa a gefen turmi, ja-ja-ja.
Ta ce, in kin cika ruwa, ya ɓaci.
In kin yi hanzari, ya ƙi.

Na ce, wallahi haka muke yi.
Mu tura ruwa ta wata rijiya ya koro mana man,
in muka matsa masa sai ya sami 'yar hanyarsa
ya wuce fuu, ya bar man a baya.
Ta ce, to Sa'ade,
me kika je nema Kumasi har shekara huɗu?

Da la'asar ta tsame ƙuli-ƙuli,
ta karya guda ta ajiye mini a kan tsohuwar jarida.
Kafin in kai baki takardar ta yi naso.
Ta ce, kin gani? Duk matsar nan, da saura.
Wanda ya ƙi fita ba naki ba ne,
bar wa ƙulin abinsa.

Wata bakwai ke nan da muka kai Baba makwanci.
Ban ga hawayenta ba, ko ranar uku.
Tabarmarsa na naɗe bayan ƙofa,
kullum tana share wurin, ba ta ɗaga ta.

Na zauna kusa da ita ina riƙe mata mazurari,
tana ɗura mai a kwalabe, ko ɗigo bai zuba ba.
Ban ce kome ba.
Na san yadda ake sassauta murfi,
na kuma san ba a yi da sauri.