Ƙarin Kwana Ɗaya

Tun watan Maris wayata ke ƙara:
"Nyamhanga, wace rana za mu zo?
Kwana biyar muka ware cikin Agusta,
faɗa mana ranar da za su ƙetare kogin Mara."
Nakan ce ni direba ne, ba boka ba.
Ku tambayi hadari.

Nyumbu muke kiran su a nan.
Gemu na bunsuru, ƙaho na saniya,
wutsiya kamar an aro ta wurin doki,
halittar da aka haɗa da ragowar kaya
bayan kasuwa ta watse.
Amma hancinsu na jin ruwan da ya sauka
a ƙasar da ido bai kai ba,
sai su ɗaga kai, su bi.

A Fabrairu suna kudu, can Ndutu, suna haihuwa,
ɗan ya faɗo, kafin ka gyara zama ya miƙe da gudu.
Mayu ya kora su yamma.
Yuli, ko Agusta, ko dai in sun ga dama,
su iso mana Kogatende da gurnani da ƙudaje.
Wannan "ko" ɗin ne ba ya shiga tikitin jirgi.

Bana na ɗauki wasu tsofaffi, mata da miji,
shekara shida suna tara kuɗin tafiyar.
Kwana huɗu muna bakin gaɓa, inji a kashe,
shayi ya huce a filas.
Garke ya taru har ƙasa ta yi baƙi ƙirin.
Na gaba ya tsoma kofato, ya shinshina,
ya tuna wani abu, ya juya.
Dubu goma suka juya da shi.
Kada ma ya gaji, ya lumshe ido.
Mijin ya yi ta duba agogo kamar zai ji kunya ya tsaya.
Matar ta ce, "Gobe?"
Na ce gobe ba a hannuna take ba.

Rana ta biyar na kai su filin jirgi,
na ɗaga hannu har ya zama ɗigo.
A hanyar dawowa na tsinci Ghati da ƙunshinta a ka,
mai wankin zannuwan sansaninmu.
Shekara goma sha ɗaya tana shanya a bayan tanti,
tana jin labarin kogi a bakin baƙi,
ba ta taɓa leƙa shi ba.
Na ce shigo, mu bi ta gaɓa, hanyar ta fi inuwa.

Ko birki ban gama takawa ba.
Ɗaya ya yi tsalle,
sai tudu gaba ɗaya ya zube cikin ruwa,
ƙaho kan ƙaho, kumfa, kuka,
ƙasa na rawa har cikin sitiyari.
Kada ya karɓi zakkarsa, ba wanda ya waiwaya.
Ghati ba ta kalli dubun ba.
Idonta na kan wani ɗan ƙarami
da ya haye lafiya, ya nemi uwa ya rasa,
ya sake faɗawa ruwan, ya koma inda ya fito.
"Wawa," in ji ta, tana share ido da bakin zane,
"kamar ɗana Magige."

Da dare saƙo ya shigo daga Arusha:
"Sun ƙetare?"
Na rubuta, na goge. Na rubuta, na goge.
Na ce sun ƙetare, awa ɗaya bayan tashinku.
Shiru ya yi tsawo.
Can sai: "In mun sake tarawa, wace rana za mu zo?"

Na ce ranar ban san ta ba, Mama.
Amma duk kwanakin da kuka ware,
ku ƙara ɗaya.