Waya Ta Huda Bango

Da hantsi na shigo Mokoyo, tsani a kafaɗa,
Ɗan Tani na biye, naɗin waya a wuyansa,
kwali guda, faifai bakwai farare a ciki,
kowanne kamar marfin samira, da jan ido ɗaya.

Shago biyar a jere, gida biyu a bayansu,
kwano ɗaya ya rufe su, azara ɗaya ta ɗauke su.
Hajiya Kuluwa mai man gyaɗa ce ta kira ni.
Bara da bazara ta tsaya a bakin titi
ta ga shagon maƙwabci ya zama toka kafin asalatu,
tun ranar barcinta rabi ne.

Nomau na sayar da katifa, soso har rufi.
Hankurau tela ne, bango ɗaya tsakaninsu.
Ƙannenta ne, nono ɗaya suka sha,
shekara shida ba sannu, ba ina kwana,
kan wata gona a bakin Gulbi
da ko kadada ba ta cika ba.

Nomau ya ce: sa mini nawa ni kaɗai.
Na ce: Alhaji, abin nan bai iya kaɗaici ba.
In ɗaya ya shaƙi hayaƙi,
duk bakwai ɗin ke kururuwa.
Hankurau ya ce, allura a baki:
kada wayarsa ta taɓa tawa.
Na ce: malam, wuta ba ta karanta takardar gado.

Na hau tsani. Na nisanta ɗaya daga kaskon Hajiya,
kar ya riƙa kuka duk safiya kan ƙuli-ƙuli.
Na sa wa kowanne pil,
don kuran namu baƙo ne, ba ya sallama in zai tafi.
Sai na zo bangon nan.
Na huda shi, jar ƙasa ta zubo kan katifa,
ƙarar keken ɗinki ta biyo ramin ta shigo.

Ɗan Tani ya tafi sayen ruwan sanyi, ya daɗe.
Ina sama, hannuna biyu a cike.
Na ce: Alhaji, tura mini bakin wayar nan.
Ya tura, yana kallon wani wuri.
Can ɗaya gefen keke ya yi shiru.
Wani ya kama.
Wani ya ja.

Bayan la'asar na tsinci ƙyalle a ƙasan tela,
na kai zauren Hajiya, na ƙyasta ashana,
na ɗaga shi sama kamar mai turara ɗaki.
Na manta ban gaya wa kowa ba.

Maƙogwaro bakwai suka buɗe lokaci guda.
Awaki suka watse, ɗan kabu-kabu ya taka birki,
mai shayi ya kifar da kofi.
Nomau ya fito da bokiti, ya nufi ƙofar tela.
Hankurau ya fito da buta, ya nufi shagon katifa.
A tsakiya suka yi karo,
ruwan ya ƙare a kan rigunansu.

Na fito da guntun ƙyalle yana hayaƙi.
Ba wanda ya yi dariya, sai Hajiya a bayan labule.
Nomau ya dubi ƙaninsa tun daga hula har silifa,
ya ce: da buta za ka kashe gobarar soso?
Hankurau ya ce: ita na samu.
Kowa ya koma shagonsa yana ɗiga.

Hajiya ta biya ni, saura jaka biyu sai Juma'a,
ta ƙara mini kwalbar mai.
Da na waiwaya daga bakin kwalta, magariba ta yi,
ta ƙofa biyu da ba a rufe ba tukuna
na hango jajayen idanun nan a rufi,
wannan ya ƙifta,
wancan ya ƙifta.